Wanda Maciji Ya Sara: Tsoro, Mutuwar Zuciya da Neman Na Kai a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

Laccar da aka gabatar ga taron matasa, manoma da masu ƙananan sana'o'i na ƙananan hukumomin uku

  



Gabatarwa

An ɗora mini magana a kan yadda mutum zai kawar da abin da ke daƙile shi a zuci, har ya kai ga abin da Allah ya hore masa a fagen sana'a da kasuwanci. Irin wannan take an saba jin sa a manyan otal-otal na Abuja da Legas. Mai jawabi zai ɗaga murya ya ce talauci a ka yake, duk wanda ya sa abu a ransa zai samu, a tafa masa, a watse. Ni kam ba zan iya tsayawa gaban mutanen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa in faɗi haka ba. Wanda ya sayar da gonarsa da shanun huɗarsa ya biya kuɗin fansa, ba tunani ne ya talauta shi ba.

Duk da haka akwai gaskiya a cikin taken, kuma kakanninmu sun riga mu gano ta. Suka ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ba mai ganin laifinsa, domin shi ya sha dafin. Amma in ya ci gaba da gudun kowane tsumma, ba zai ƙara shiga gona ba, sai yunwa ta ƙarasa abin da maciji ya fara. Aikinmu a wannan zama shi ne mu rarrabe: wanne ne macijin da ke nan da ransa, wanda dole a kiyaye shi, wanne ne kuma tsumman da ya hana mu motsi a banza.

Saran da Aka Yi Mana

Ranar Juma'a da dare, 11 ga Disamba, 2020, 'yan bindiga suka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara, suka kora ɗaruruwan yara daji. Sai bayan kwana shida aka sako 344. Wata shida kafin nan, a Yunin 2020, Kadisau ta ƙasar Faskari ta binne mutanenta da dama a rana guda. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, ta hana cinikin dabbobi a kasuwanni da dama, har da namu. A Satumba kuma aka katse layin waya a ƙananan hukumomi 13, mu ukun nan muna ciki. An yi hakan don a matse ɓarayi, amma duk ɗan kasuwar da ya ga wannan lokaci ya san yadda ake wayar gari ba waya, ba kara, ba hanya.

Allah ya ajiye mu a bakin daji. Faskari da Ƙanƙara sun jingina da Zamfara, Sabuwa kuma da ƙasar Birnin Gwari. Gonakin nesa sun koma saura. Wasu ƙauyuka sai da suka biya kafin su shuka, suka kuma biya kafin su girbe. Iyalai sun watsu zuwa Funtuwa, Malumfashi, Katsina, Zariya da Kano.

Akwai kuma ɓarnar da ba a gani da ido, wadda a wajena ta fi cutar da kasuwanci. Tun da aka gane cewa a cikin gari ake samun masu kai wa ɓarayi rahoto, arziki ya zama abin tsoro. A da, talaucinsa mutum yake ɓoyewa. Yau samunsa yake ɓoyewa. Wanda ya iya faɗaɗa shago sai ya bar shi yadda yake, kada a ce ya yi kuɗi. Wannan tsoro yana da dalili, kuma zan dawo kansa.

Su Wane ne Mu Kafin Wannan Masifa?

Yaron da aka haifa a 2010 bai san ƙasar nan ba sai da ƙarar bindiga. Wajibi ne mu gaya masa daga inda ya fito.

Lokacin da jirgin ƙasa ya iso Kano, a 1911 zuwa 1912, auduga Turawa suke so don masaƙun Ingila. Manoma da fatake suka yi nasu lissafin. Suka ga masaƙan gida sun fi Bature sayen auduga da daraja, suka ga gyaɗa ta fi kawo kuɗi, kuma in kasuwa ta faɗi ana iya cin ta. Sai suka rungumi gyaɗa, har dalarta ta zama tambarin Kano. Mutanen da ba su taɓa shiga aji ba suka juya shirin daular da ta ci su da yaƙi, da lissafi kawai.

Cikinsu akwai Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877. Mahaifinsa ya rasu yana yaro, ya yi almajirci, ya bi hanyar fataucin goro zuwa Gwanja, daga baya ya riƙa ɗauko goron ta jirgin ruwa zuwa Legas. A 1918 ya shiga sayen gyaɗa, daga baya kuma an ce raƙuma ashirin ne suka kai kuɗin azurfarsa ajiya a banki a Kano. Ku lura da abin da ya yi sau biyu: ya bar hanyar da ya saba, da ya ga wata ta fi ta.

Mu dawo gida. Ƙasarmu ta kudancin Katsina ita ce ta riƙe auduga. A Daudawa ta ƙasar Faskari Turawa suka kafa gonar renon irin auduga, Funtuwa kuma ta zama garin gurza da masaƙa. A 1975 aka fara shirin bunƙasa aikin gona na Funtuwa da tallafin Bankin Duniya, ɗaya daga cikin ukun farko a Nijeriya tare da na Gusau da Gombe. Dattawan da ke zaune a nan shaida ne: kafin wannan lokaci masara abar bayan gida ce, a gasa a ci da damina. Dawa da gero su ne abinci. Cikin shekaru kaɗan iyayenmu suka karɓi sabon iri da takin zamani, suka mayar da masara babban amfanin gona, har manyan motoci suka riƙa yin layi a kasuwannin Ɗandume da Sheme. Saboda haka duk wanda ya ce mutanenmu ba sa karɓar sabon abu, bai san tarihinsu ba. Abin da suke buƙata shi ne su gani a gonar maƙwabci, su auna, su gamsu.

Yadda Zuciya ke Mutuwa

To me ya sa jikokin waɗannan mutane suke cewa "ko na yi ma ba zai yi ba"? Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna bin wannan tambaya.

A 1967, a Jami'ar Pensilbaniya ta Amurka, Martin Seligman da Steven Maier suka yi gwaji da dabbobi. Ba kwatanta ɗan Adam nake da dabba ba, Allah ya karrama shi. Darasin nake so mu ɗauka. Suka sa wasu dabbobin cikin wahalar da ba yadda za su yi su tsayar da ita, wasu kuma aka ba su abin da za su taɓa wahalar ta tsaya. Bayan haka aka kai su duka wurin da tsallake guda zai fitar da su. Waɗanda suka saba tsayar da wahalar suka tsallake nan take. Mafi yawan waɗanda suka saba da rashin mafita kuwa sai suka kwanta suna kuka, ga hanya a buɗe. Lallashi bai tashe su ba, abinci bai tashe su ba. Sai da aka riƙa jan su ana tsallakar da su, sau da yawa, kafin suka gane cewa motsinsu yana da amfani. Bayan kusan shekara hamsin, a 2016, masanan biyu suka ƙara bayani: in wahala ta daɗe, sallamawa ita ce ke zuwa da kanta; abin da ake koya shi ne sanin cewa akwai abin da ke hannunka.

Wannan shi ne abin da muke kira mutuwar zuciya. Mutum ya shuka an hana shi girbi, ya tara an ƙwace, ya sake tarawa an sake ƙwacewa. Sai zuciyarsa ta yanke hukuncin cewa ƙoƙari da rashinsa duk ɗaya ne, ta kuma shimfiɗa wannan hukunci har kan abubuwan da ɓarawo bai taɓa ba. Ɗan bindiga ya hana ka gonar daji, amma bai hana ka koyon gyaran sola a cikin gari ba. Zuciya ce ta haɗa su.

Rashi ma yana da nasa aikin. A 2013 aka wallafa wani bincike da aka yi a kan manoman rake 464 a jihar Tamil Nadu ta Indiya. An yi musu gwajin kaifin tunani kafin girbi, lokacin da aljihu ya bushe, aka sake yi bayan sun karɓi kuɗinsu. Mutanen dai su ne, amma sun fi ƙoƙari bayan girbi. Ma'ana, damuwar abin da za a ci yau tana cinye wurin da ya kamata tunanin gobe ya zauna. Talaka ba daƙiƙi ba ne; kansa ne ya cika. Shi ya sa yake buƙatar tsari da rubutu fiye da mai kuɗi, domin takarda ta riƙe masa abin da kai ba zai riƙe ba.

Maganganu Biyar da ke Ɗaure Mu

Ta farko: "Haka Allah ya ƙaddara." Gaskiya ce, kuma imani da ƙaddara shi ya hana da yawa daga cikinmu haukacewa a shekarun nan. Amma malamanmu suna nan, su gyara mini in na kauce: ƙaddara abar rarrashin zuciya ce a kan abin da ya wuce, ba hujjar naɗe hannu ba ce a kan abin da ke gaba. Sayyidina Umar ya nufi Sham, ya sami labarin annoba ta ɓarke, ya shawarci sahabbai ya juya da jama'arsa. Da aka tambaye shi ko gudun ƙaddara yake, ya nuna cewa juyawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Wato auna haɗari da kauce masa ba rashin tawakkali ba ne. Abdurrahman ɗan Aufu kuwa ya isa Madina a matsayin mai gudun hijira, ya bar dukiyarsa a Makka. Ɗan'uwansa na Madina ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, ya yi godiya, ya nemi a nuna masa kasuwa kawai. Da cuku da man shanu ya fara, ya rasu yana cikin manyan attajiran sahabbai. 'Yan'uwanmu da aka raba da ƙauyukansu, wannan magabacinku ne.

Ta biyu: "Ni da takarduna?" Ƙanena, ka yi digiri ko babbar difloma, Allah ya sa albarka. Amma ka ƙirga ma'aikatan sakatariyar ƙaramar hukumarku, ka ƙirga masu kammala karatu kowace shekara, za ka ga kujerun ba za su taɓa isa ba. Mun gaji wata ɗabi'a ta jera sana'o'i hawa-hawa: wannan ta gidan wane ce, waccan ba ta dace da ɗan gidanmu ba. Fawa, jima, ƙira, gini, wanzanci, duk an yi musu iyaka da gado. Sai ka ga saurayi yana jin kunyar ɗaukar mudu a kasuwa, amma ba ya jin kunyar roƙon kuɗin kati a wajen mai ɗaukar mudun. Karatunka ba zai lalace don ka shiga kasuwa ba. Shi ne ma zai sa ka iya lissafi, ka iya karanta takardar yarjejeniya, ka nemo farashin kasuwar Dawanau ta waya kafin ka saya a Sabuwa.

Ta uku: "Ba ni da jari." Wannan ita ce aka fi faɗa, kuma rabinta gaskiya ce. Ana yawan buga mana misali da Aliko Ɗangote, amma shi tattaɓa-kunnen Alhassan Ɗantata ne ta wajen uwa, kuma da rancen gida ya fara a 1977. Labarinsa abin alfahari ne, sai dai ba ma'auninku ba ne. Ma'auninku shi ne maƙwabcin nan da ya fara da tebur. Albert Bandura, wani masanin halayyar ɗan Adam, ya bayyana tun 1977 cewa abin da ya fi gina yarda da kai shi ne ƙaramar nasarar da mutum ya yi da hannunsa, sai kuma ganin wani irinsa ya yi.

Kasuwar Hausa ba ta taɓa jiran banki ba. Yaro yana bin ubangida shekaru, ya san kaya, ya san mutane, a sallame shi da jari. Dillali yana cin abinci ba tare da ya mallaki buhu ɗaya ba. Mata suna tara jari da adashi. Littattafan fiƙihun da ake karantawa a zaurukanmu, irin su Risala, sun yi bayanin ƙiradi: wani ya kawo dukiya, wani ya kawo aiki, a raba riba yadda aka yi sharaɗi. Wanda ke gudun kuɗin ruwa, tun 2012 akwai bankin Jaiz, wasu kuma sun biyo baya. Duk waɗannan hanyoyi abu ɗaya suke tambaya kafin su buɗe: wa zai tsaya maka? Amana ita ce jarin farko, kuma ana tara ta ne da cika alkawarin naira dubu kafin a kai ga na miliyan.

Ta huɗu ba a faɗin ta da baki, a aikace ake yin ta: kunyar da ke cinye jari. Kawu ya zo ya ɗauki kaya bashi, ba a iya tambayarsa. Aboki ya ci, ya ce sai ranar kasuwa. Biki ya taso, a ɗebi anko daga kuɗin shago. Aljihun cefane da aljihun sana'a ɗaya ne. Bayan wata shida shago ya koma kwalaye, sai a ce sammu ne ko baki. Jama'a, aya mafi tsawo a Alƙur'ani mai girma, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. In Allah ya umarci muminai su rubuta tsakaninsu, don me za ka ji nauyin rubuta sunan kawunka a littafi? Zumunci wajibi ne, amma daga riba ake yin sa. Ka yanka wa kanka albashi, ka ware na taimako, uwar kuɗi kuwa ka ɗauke ta amana ce a hannunka.

Ta biyar: "Ba wanda za a yarda da shi yanzu." A nan maciji da tsumma suka fi kama da juna. Gaskiya ne akwai maciya amana, kuma ba na ce kowa ya baje sirrinsa a dandali ba. Rufin asiri ɗabi'armu ce tun kafin wannan fitina. Amma ɓoye samu daban, ƙin nema daban. Ana iya juya kuɗi ta asusun banki maimakon a tara su a garke ko a ƙarƙashin katifa. Ana iya ajiye hatsi a sito cikin gari maimakon rumbun ƙauye. Ana iya samun riba ba tare da an canza babur da riga a wata guda ba. Kuma ko a yau, kowane ɗayanku yana da mutum uku ko huɗu da zai iya ba su ajiyar ransa. Da su za a fara. In muka bar zato ya kashe adashi da haɗin guiwa, mun ba ɓarayi abin da ba su ma nema ba.

Darasin Lome

Wani zai ce, duk wannan wa'azi ne. Ina shaidar cewa gyaran tunani yana kawo kuɗi? Akwai ta, kuma daga nan Afirka ta Yamma, a garin da fatakenmu suka sani.

A 2014, masu bincike na Bankin Duniya tare da Michael Frese, wani masani Bajamushe, suka ɗauki masu ƙananan sana'o'i 1,500 a Lome, babban birnin Togo, suka raba su kashi uku ta hanyar ƙuri'a. Kashi ɗaya aka koya musu darasin kasuwanci da aka saba. Kashi na biyu aka horar da su a kan zaburar kai: ka fara ba sai an ce ka fara ba, ka hango matsala kafin ta iso, ka nemi abin da zai bambanta ka da na kusa da kai, in ka faɗi ka binciki dalili ka sake gwadawa. Kashi na uku ba a koya musu komai ba. Aka bi su shekara biyu. Sakamakon da aka wallafa a 2017 ya nuna ribar kashi na biyu ta ƙaru da kashi 30 cikin 100, ta masu darasin da aka saba kuwa da kashi 11, wanda masu binciken ma ba su iya tabbatar da shi ba. Mata sun amfana ƙwarai.

Amma ku lura, ba jawabi aka yi musu suka tafa ba. Awa 36 suka yi a aji, kowa yana aiki a kan sana'arsa ta gaske, sannan mai horarwa ya riƙa bin su shago har wata huɗu. Zuciya ba ta farfaɗowa da lacca, har da wannan da nake yi. Aiki ne ke tashin ta, ƙarami bayan ƙarami.

Daga Ina Za a Fara?

Daga abin da ƙasarmu ke fitarwa ɗanye. Kowace kaka manomi yana sayar da masara da araha don biyan bashin taki, da bazara ya saye ta da tsada. Tsakanin farashin nan biyu akwai sana'a. Buhun nan mai ruɓi uku da ake kira PICS, wanda masana na Jami'ar Purdue suka ƙirƙiro, yana toshe iska har ƙwari su mutu ba tare da an zuba magani ba. Mutum biyar da suka yarda da juna za su iya kama ɗaki ɗaya a cikin gari su adana wake ko masara. Farashi yakan faɗi wata shekarar, don haka kada a zuba duka jari a ciki, kada kuma a ci bashi don a yi.

Waken suya da masararmu suna tafiya kamfanonin abincin kaji a wasu jihohi, ƙwai ya dawo mana da tsada. Farar ƙasar Ƙanƙara, wadda ake yin fenti da alli da tangaran da ita, ana lodin ta yadda aka haƙo. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, a Jami'ar Ahmadu Bello, tana nan Zariya da ingantaccen iri. Wanda ya koyi renon iri ya sayar wa maƙwabta ya sami sana'a. A 2024 an buɗe tashar sauke kaya ta kan tudu a Funtuwa, a ƙofar gidanmu.

Iyayena mata, ku ne kuka riƙe gidaje da yawa bayan an kashe maza ko an karya su. Man gyaɗa, ƙuli-ƙuli, awara, daddawa, ɗinki, kiwon kaji: kun riga kun iya. Abin da ya rage shi ne awo da tsabta da ƙunshi mai kyau, da sanin nawa aka kashe nawa aka samu. Mai waya a hannu tana iya tallar kayanta daga cikin ɗaki, 'yarta kuma ta tafi makaranta maimakon yawon talla.

Haƙƙin Hukuma da Masu Hali

Kada wani mai mulki ya ji wannan lacca ya ce ashe laifin talakawa ne. Kashe macijin aikin hukuma ne. Ba manomin da zai gyara tunaninsa har ya buɗe hanyar da aka tare. Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya shugabanci hukumar ƙanana da matsakaitan sana'o'i ta ƙasa, SMEDAN, daga 2016 zuwa 2022, kuma a 2023 gwamnatinsa ta kafa hukumar bunƙasa sana'o'i ta jiha da rundunar tsaron al'umma. Saboda haka muna da hujjar sa rai da yawa. Roƙonmu shi ne tallafi ya bi mai sana'a, ba mai uban gida a siyasa ba, horo kuma ya zama mai bibiya, kada ya tsaya a rabon keken ɗinki a gaban kyamara.

Attajiranmu da ke Kano, Kaduna, Abuja da Legas, ku ma wani ne ya riƙe hannunku. Kowannenku ya ɗauki yaro biyu daga gida, ya koya musu, ya sallame su. Wannan ya fi buhun shinkafar azumi daɗewa.

Kammalawa

Ƙannena, ga abin da nake nema a wajenku kafin kasuwa ta sake ci. Ku sami takarda ku raba ta biyu. A gefe ɗaya ku rubuta abin da ya fi ƙarfinku: daji, hanya, farashin taki. Wannan a kai shi ga Allah da addu'a, a kai shi ga shugabanni da murya ɗaya. A ɗaya gefen ku rubuta abin da ke hannunku, ku zaɓi guda, mafi ƙanƙanta, ku aikata shi a wannan mako: zuwa wajen mai sana'a a nemi koyo, sayen littafin lissafi, karɓo bashin da aka daɗe ana jin nauyin tambaya. Sannan ku gaya wa mutum ɗaya da kuke jin kunyarsa, domin ya tambaye ku ranar Juma'a ko kun yi.

Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa. Allah ya kuɓutar da waɗanda ke hannu, ya mayar da kowa gidansa da gonarsa. Allah ya zaunar da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa lafiya, da Jihar Katsina da Nijeriya baki ɗaya, ya sa albarka a neman halal ɗinmu.